Ido Ba Mudu Ba Ne: Darasin Ƙwaƙwalwar Biri Ga Masu Ƙetare Titi

 A wannan wata muna so mu tattauna a kan wata magana wadda take damun mu malaman makaranta fiye da jarrabawar ƙarshen shekara, wato yadda yaranmu suke ƙetare titi.

Duk inda babur ko mota ta buge yaro, tun kafin a kai shi asibiti an riga an yanke hukunci. Mai abin hawa ya ce yaron ne ya faɗo masa. 'Yan kallo su ce ai yaran zamani ba sa duba hanya. Idan Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi, aka tsira da ƙujewa, to a gida ma bulala tana jiransa. Shi kuwa yaron, in ka zaunar da shi ka tambaye shi cikin lalama, amsarsa kusan ɗaya ce a ko'ina: "Wallahi Malam na duba, na gan shi can nesa." Mun ji wannan amsa daga bakin yara da dama waɗanda ba su san juna ba, balle a ce sun haɗa baki.

To abin da muke so mu nuna shi ne, yaron nan gaskiya ya faɗa. Ya duba, ya kuma gani. Abin da ya gagare shi shi ne auna gudun abin da ya gani. Wannan awo kuwa aikin wani sashe ne na ƙwaƙwalwa wanda ba ya ƙosawa da wuri, kuma a kan birai masu bincike suka fara gano shi.

GARURUWAN KAN HANYA

Kowa ya san hanya ce ta kawo kakanninmu nan. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da Katsina yakan ratsa ƙasar Borgu, ya yi zango a Nikki da Paraku da Jugu, sa'an nan ya wuce Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro. A wancan zamani abin da ya fi kome gudu a hanya shi ne doki, sauran kuwa jakuna ne da takarkarai da 'yan alaro. Yaro yana iya hango jaki daga nesa, ya gama wasansa, ya kauce.

Jirgin ƙasa ya iso Paraku a 1936, daga Kwatano, tafiyar kilomita 438. Shekaru masu yawa a nan ake sauke kayan Nijar daga jirgi a loda wa manyan motoci su nufi Malanbil da Gaya. Jugu ita ma mararraba ce, hanyar Natitingu da ta Togo da ta Paraku da wadda ta yi kudu ta Basila duk a cikinta suka haɗu. A ƙidayar 2013 an samu mutum fiye da 250,000 a gundumar Paraku, haka nan a ta Jugu. Yau hanyar da jakuna suka bi ta zama kwalta, kasuwa da masallaci da makaranta kuma suna nan a bakinta kamar dā. Da yawa daga cikin 'yan makarantarmu sau huɗu suke ƙetare titi a rana, safe da rana da azahar da yamma. Ga na makarantar allo, ga kuma 'yan mata masu talla da faranti a ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. In aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce abin ya fi shafa. Mu nan ba mu manta da ranar 29 ga Janairun 2023 ba, lokacin da wata bas da ta taso daga Paraku ta yi karo da babbar mota kusa da Dassa, wuta ta tashi, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan musulmin cikinsu, Ya ba iyalai haƙuri.

IDO YANA KARƁA, ƘWAƘWALWA TANA FASSARA

Tun kimanin shekara dubu da suka wuce, malamin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi zamansa a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shiga cikin ido, kuma gani ba ya cika sai hankali ya yi hukunci a kan abin da ido ya kawo. Har wani kashi na littafin ya keɓe domin kurakuran gani. Binciken zamani ya gaskata shi. Haske yana faɗawa a kan wani tantani da ke bayan ƙwayar ido, daga nan jijiyar gani, mai zaruruwa kimanin miliyan ɗaya, ta ɗauki saƙo ta kai can ƙeya. A ƙeyar ne tashar farko ta gani take, wadda masana suka yi wa laƙabi da V1.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, kuma da ɗan bugun lantarki suke aika wa juna saƙo. To yaya za a san aikin ƙwaya ɗaya tak a cikin wannan taro? A nan ne biri ya shigo cikin magana. Hausawa kan ce biri ya yi kama da mutum, a sha'anin gani kuwa kamar ta kai matuƙa. Idanunsa biyu a gaba suke kamar namu, yana rarrabe launuka, kuma tsarin sassan gani a ƙwaƙwalwarsa ya yi kusa da namu ƙwarai. Duk wanda ya taɓa ganin jan biri ya sheƙa da masara daga gona, ko ya ga biran kurmin Kikele kusa da Basila suna dira daga reshe zuwa reshe, ya san wannan halitta ta san nisa da gudu.

Wasu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, su ne suka buɗe ƙofa. Sukan sa wa dabba maganin barci, su zura wata waya wadda ta fi gashi siranta har ta kusanci ƙwaya ɗaya, su haɗa wayar da lasifika. Duk lokacin da ƙwayar ta buga sai a ji ƙara kamar ana gasa gugguru. Da kyanwa suka fara, suka buga sakamako a 1959, na biri kuma a 1968. Sun tarar kowace ƙwaya a V1 tana gadin ɗan ƙaramin wuri ne a cikin abin da ido yake gani. Wani abin mamaki kuma, akwai ƙwayoyin da in aka gitta musu sandar haske daga hagu zuwa dama sai su yi ta bugawa, in aka komo da sandar daga dama zuwa hagu sai su yi tsit. Wannan aiki ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1981.

UNGUWAR MOTSI

Ƙwayar V1 tamkar mai leƙe ta hudar zana take. Tana ganin wani abu ya gitta, amma ba ta san ko akuya ce ko wutsiyar saniya ba, ba ta kuma da tabbacin inda abin gaba ɗayansa ya dosa. Dole a samu inda za a tattara rahotannin masu leƙen. A 1971 ƙungiyoyi biyu suka gano wurin, kowace da nata birin: John Allman da Jon Kaas a Amurka, Ronald Dubner da Semir Zeki a Landan. Wasu suna kiran wurin MT, wasu V5. Mu a nan za mu kira shi unguwar motsi.

Mafi yawan ƙwayoyin wannan unguwa ba su damu da launin abu ko siffarsa ba. Tambayarsu biyu ce: ina ya nufa, kuma da wane sauri? Wata ƙwaya tata ita ce tafiya sama, wata ƙasa, wata dama a hankali, wata dama a guje. Zamansu ma da tsari, kamar yadda a kasuwar Arzeke masu atamfa suke layi ɗaya, masu doya layi ɗaya. Ƙwayoyin da suke son nahiya ɗaya a jere suke, maƙwabtansu kuma masu son nahiyar da ke kusa da ita.

A ƙarshen shekarun 1980 William Newsome da abokan aikinsa suka koya wa birai wani aiki. Za a nuna wa biri allon kwamfuta cike da ɗigo-ɗigon haske suna yawo barkatai, amma kaɗan daga cikinsu sun haɗa kai sun nufi nahiya ɗaya. Biri zai nuna nahiyar da ƙwayar idonsa, in ya dace a ɗiga masa abin sha a baki. Sun tarar a 1989 cewa ƙwaya ɗaya ta unguwar motsi takan iya gane nahiyar kusan daidai da yadda birin kansa yake ganewa. A 1990 kuma, a Jami'ar Stanford, suka ɗan tsokano wani layi na ƙwayoyin da ƙaramin lantarki. In layin masu son sama aka tsokano, sai birin ya riƙa yawan zaɓen sama, ko da ɗigon ba can suka nufa ba. Wato ke nan ganin motsi kamar ƙuri'a ne a tsakanin ƙwayoyin nan, layin da muryarsa ta fi ƙarfi shi ne abin da mai kallo zai rantse ya gani.

Mu ma muna da wannan unguwa, ɗaya a kowane ɓangaren kai, can baya da kunne. Zeki da abokansa sun nuna ta a kan mutane da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a 1991. Amma hujjar da ta fi ratsa jiki ta fito ne daga wata mata a ƙasar Jamus, wadda likitoci suka sakaya sunanta. A 1978, tana da shekara 43, jijiyar jini ta toshe a kanta, wurin nan ya lalace dama da hagu. Josef Zihl da abokan aikinsa na birnin Munik suka ba da labarinta a 1983. Matar tana karatu, tana gane fuskoki, tana rarrabe launuka, amma motsi ya ɓace mata. In tana zuba shayi sai ta ga ruwan a sandare kamar ƙanƙara, ba ta ganin yana hauhawa a kofi sai dai ta tarar ya malale. Mutane a ɗaki sukan bayyana nan, sai kuma ga su can, ba ta ga tafiyarsu ba. Ƙetare titi kuwa ya gagare ta, domin takan ga mota a nesa, da ta ɗaga ƙafa sai ta gan ta dab da ita.

Mai karatu, ka sake duba wannan jimla ta ƙarshe, ka kwatanta da amsar yaron nan. Yaranmu lafiyarsu lau, ba cutar matar nan ke gare su ba. Amma labarinta ya koya mana cewa ganin abu daban, ganin motsinsa daban, mutum yana iya samun na farko cikakke alhali na biyu bai cika ba.

ABIN DA YA TUNKARO KA

Motsin da ya gitta ta gefe shi ne mai sauƙin gani. Ko da wutsiyar ido mutum yakan ga ƙadangare ya gudu a bango. Maharbanmu na dā da suke ɗaura kan burtu a goshi sun san wannan sirri: suna matsowa kai tsaye, sannu sannu, ba sa gittawa, har su kai inda kibiya za ta ci. Abin da ya tunkaro ka gaba da gaba ba ya sauya wuri a cikin idonka. Alamar da yake bayarwa ɗaya ce, hotonsa yana ƙara girma. Kusa da unguwar motsi akwai wata maƙwabciyarta, MST, inda masana na Japan, Keiji Tanaka da Hide-aki Saito, suka samu ƙwayoyin da aikinsu shi ne lura da hoto mai buɗewa ko mai tsukewa ko mai juyawa. Wannan a shekarun 1980 ne, a kan birai.

To ga inda gizo yake saƙa. Ƙaramar mota ba ta kai faɗin mita 2 ba. In tana nisan mita 100, ka miƙa hannunka, kan ƙaramin yatsanka zai rufe ta. Sai ta ci rabin tafiyar, ta zo mita 50, kafin hoton ya ninka. A mita 25 ya sake ninkawa. Wato girman yana tafiya kaɗan kaɗan a farko, sai a daƙiƙar ƙarshe ya buɗe gaba ɗaya, lokacin da babu sauran dabara.

Bari mu yi lissafi irin na aji. A ce titi faɗinsa mita 7 ne, yaro yana buƙatar wajen daƙiƙa 6 ya ƙetare shi da tafiya. A cikin daƙiƙa 6, mota mai gudun kilomita 30 a awa za ta ci mita 50. Mai gudun 60 za ta ci mita 100. Mai gudun 90 kuwa mita 150. Dukansu uku lokaci ɗaya za su iso inda yaron yake. Amma a idonsa ta farko babba ce, girmanta kuma yana ƙaruwa a fili, ta ukun kuwa 'yar mitsitsiya ce, kamar a tsaye take. Ka ga ke nan motar da ta fi haɗari ita ce ta fi kama da marar haɗari.

A 2011 John Wann da abokan aikinsa a Ingila suka gwada wannan a kan 'yan firamare masu shekara 6 zuwa 11, wato daidai yaranmu na ajin CI zuwa CM2. Sun tarar babban mutum yana iya gane cewa mota tana tunkaro shi har zuwa gudun wajen kilomita 80 a awa. Yaran kuwa, da zarar gudun ya wuce wajen kilomita 32, ba a iya dogara da ganinsu. Hoton yana girma, amma girman bai kai yadda ƙwaƙwalwarsu za ta kama ba. A kan 'ya'yan birai ma an ga haka: Lynne Kiorpes da Anthony Movshon na birnin New York sun nuna a 2004 cewa ƙwarewar ɗan biri wajen gane motsi tana ci gaba da ƙaruwa har ya kai wajen shekara 3, shi da yake girma da sauri fiye da ɗan mutum. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji Hausawa. Gaskiya ne, sai dai sanin kimar da shekaru yake zuwa, bulala ba ta gaggauta shi.

Tsofaffinmu ma a kula da su. A shekara ta 2000 wasu masana a Amurka sun duba ƙwayoyin gani na birai tsofaffi tukuf, suka tarar ƙwayoyin sun rage tsantseni, suna bugawa ga kowace nahiya. Dattijon da yake fitowa sallar asuba ko magariba yana buƙatar a ba shi lokaci kamar yadda jikansa yake buƙata.

MAI TUƘI MA IDONSA YANA RUƊINSA

Kada manya su ɗauka sun kuɓuta. Akwai ruɗi huɗu da ya kamata kowane direba da ɗan zemijan ya sani.

Na farko shi ne na girma. Bincike ya nuna ƙaramin abu yakan yi kamar zai daɗe bai iso ba, shi ya sa ake yawan shiga gaban babur. Babban abu kuma yakan yi kamar a hankali yake tafiya. Herschel Leibowitz ya yi wannan bayani a 1985 a kan masu shiga gaban jirgin ƙasa. Haka manyan motocin da muke kira titan suke, musamman na auduga da suke cika hanyoyin Borgu da rani. Kana ganinta kamar tana rarrafe, alhali a guje take, kuma nauyinta ba zai bari ta tsaya nan take ba.

Na biyu shi ne na mararraba. In babur da mota sun doshi mahaɗa ɗaya, kuma za su isa lokaci ɗaya, to kowane yana tsaye ne a wuri ɗaya a gefen idon ɗan'uwansa. Ba ya gaba, ba ya baya, saboda haka unguwar motsi ba ta samun abin da za ta yi ƙara a kai. Maganin wannan shi ne a juya kai a duba sosai, a kuma rage gudu.

Na uku shi ne na hazo. Peter Thompson ya nuna a 1982 cewa abin da ya dushe, bai fita sosai daga bayansa ba, yakan yi kamar ya fi tafiya a hankali. Mu da hunturu yake rufe mu da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu, ga kuma almuru lokacin da yara suke komowa daga makarantar allo, sai mu yi hattara. Kunna fitila a irin wannan lokaci ba ɓarnar batir ba ce.

Na huɗu shi ne na sabo. Wanda ya je magangarar ruwa ta Kota kusa da Natitingu ya gwada wannan: ya ƙura wa ruwan ido na minti ɗaya, sa'an nan ya dubi dutsen gefe, zai ga kamar dutsen yana hawa sama. Wani Bature, Robert Addams, ya rubuta labarin irin wannan a 1834 bayan ya ziyarci wata magangara a ƙasar Sikotland. Dalili shi ne ƙwayoyin da suke son ƙasa sun yi ta bugawa har ƙarfinsu ya ragu, sai masu son sama suka rinjaye su, kamar sikelin da aka ɗauke wa dutse a gefe ɗaya. Direban da ya taso daga Paraku ya yi kilomita wajen 135 yana sheƙa gudu, in ya shigo Jugu ya sauko zuwa 60 sai ya ji kamar da ƙafa yake tafiya. Jikinsa yana ce masa ya rage, agogon gudu kuwa yana cewa da saura. Agogon za a bi, in kuma ya lalace a gyara shi.

A tuna kuma, daga ganin haɗari zuwa taka birki, lafiyayyen mutum yana cin wajen daƙiƙa ɗaya ko fiye. A gudun 60, mota ta riga ta yi mita 17 kafin ƙafa ta taɓa birki. In an ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata ninki huɗu yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkawa sau huɗu da rabi in gudun motar da ta buge shi ya tashi daga 50 zuwa 65. Wanda ya ƙara da latsa waya ko shan ƙwaya don kada ya gaji, ya ƙara wa Borno dawaki.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A watan Maris na 2024 'yan sanda suka tsananta kamen masu hawa babur ba hular kwano. Abu ne mai kyau, amma hular kan mahayi take karewa. Yaron da yake tsaye a bakin kwalta da allonsa ba shi da hula, kariyarsa tana hannun mai riƙe da totur. A taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020, an yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci suke cuɗanya. Mai karatu ya ga yadda wannan adadi ya yi kusa da iyakar ganin yara da muka ambata.

Saboda haka ga roƙonmu. Iyaye, yaron da bai kai shekara 10 ko 11 ba kada a sake shi shi kaɗai a babban titi, kuma yayarsa 'yar shekara 8 ba ta isa rakiya ba, ita ma mai neman rakiya ce. A unguwa ɗaya ana iya yin karɓa-karɓa, yau wannan gida ya ba da babba ya ƙetarar da yara, gobe wancan. Masu aiken yara talla a tasha da bakin hanya su duba wannan magana da idon basira, domin faranti a ka yana hana juya wuya.

Mu malamai, na boko da na allo, mu sauya yadda muke koyarwa. "Duba hagu, duba dama" kaɗai bai wadatar ba, tunda yaron ya duba. Abin da muka ga yana aiki shi ne a fita fili da yara, a auna mita 50 da 100 da 150 da taku, a kafa alama, a sa wani ya tsaya a kowace, su ga yadda mutum yake ƙanƙancewa. Sa'an nan a ba su doka mai sauƙi: in ka hango mota tana zuwa, kome ƙanƙantarta, jira ta wuce. Kada ka ƙetare ta bayan motar da ke tsaye. Ka saurara da kunne, domin ita ma matar Jamus da ƙarar mota ta koyi auna nisa. Wanda kuma abin ya rutsa da shi ya tsira, a rarrashe shi, a koya masa, a ajiye bulala.

Shugabannin zango da limamai da ƙungiyoyin iyayen yara su haɗa kai su kai kuka ga magajin gari da hukumar kiyaye haɗarin hanya, a sa tudun rage gudu da alama a gaban kowace makaranta da ke bakin kwalta. 'Yan'uwanmu direbobi da 'yan zemijan, da yawanku ɗalibanmu ne na jiya, 'ya'yanku kuma suna ajinmu yau. In kun ga yaro a bakin titi yana kallonku, kada ku ɗauka ya auna gudunku, ku ne za ku auna masa. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya sa mu yi amfani da abin da muka sani. Amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.